Darasi: Gatari da Lafiyar Garke a Ƙasar Bune

 

Darasinmu na wannan karo a kan icce yake. Na san wani zai ce: me ya haɗa ma'aikacin lafiyar dabbobi da maganar itatuwa, ai wannan aikin ƴan gandun daji ne? Ni ma haka nake gani a da, har ranar da aka kira ni wata ruga a ƙarshen bazara.

Saniya ce mai tatsa. Ta yi kwana uku ba ta tuƙa, ba ta kashi sai ɗan kaɗan, cikinta ya yi nauyi ya sauka. Mai ita ya riga ya sayo maganin tsutsa a kasuwa ya ba ta, ya ƙara da allura biyu, duk a banza. Kafin in iso an yanka ta don kada ta zama mushe. Da muka farke cikin, ba mu tarar da tsutsa ba, huhu da hanta ma lafiya lau. Rairayi muka tarar, ya dunƙule ya toshe hanya, muna kwasarsa da hannu.

Na ce wa dattijon: "Baba, yunwa ce ta sa ta lasar ƙasa." Ya ce: "Likita, na sani." Sai ya nuna mini wasu kututture a gefen tudu. Ya ce lokacin da yake yaro, nan kandili da aduwa ne, shanu suna wuni a ƙarƙashinsu suna tsintar ƴaƴa. Ya ce wasu fari ya kashe, wasu masu neman itacen sayarwa suka sare, wasu kuma shi da hannunsa ya datse wa shanunsa a wata shekarar wahala. Tun daga ranar na gane cewa cututtuka da yawa da nake bi da allura a watan Mayu da Yuni, gatari ne mafarinsu.

Ƙasar da muke ciki

Komin ɗin Bune tana cikin gundumar Gure, a jihar Damagaram, tsakanin garin Gure da iyakar Najeriya. Ƙasarmu iri biyu ce a haɗe. Akwai tudun rairayi, inda ake kiwo ana noman hatsi da wake. Akwai kuma kwarurruka, inda ruwa yake kusa, ga goruba ta kewaye su, ga dabino, ga lambuna, ga kanwa a tsakiya. Irin wannan ƙasa ce ta miƙe gabas har Gudumariya da Maine-Sorowa.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne: tudunnan nan tsofaffin tulin rairayi ne da iska ta tara tun zamani mai nisa, lokacin da ƙasar ta fi yanzu bushewa. Ciyawa da saiwoyin itatuwa ne suka ɗaure su suka zauna wuri ɗaya. Rigar tana da sirara. In aka yaye ta, rairayin ya farka, ya ci gaba da tafiyar da ya bari. Ruwan saman da muke samu a shekara kuwa kaɗan ne, cikin wata uku yake sauka ya ɗauke, don haka iccen da aka sare da safe ɗaya yakan ɗauki shekaru da dama kafin wani ya maye gurbinsa.

Me ke cinye itatuwan?

Na farko fari ne. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a tsaye, tun ba dashi ba. Dattawa sun shaida wannan. Amma fari ya zo ya wuce, daji kuma yakan farfaɗo in an bar shi. Abin da ya hana shi farfaɗowa shi ne sauran dalilan, kuma dukkansu hannun mutum ne.

Na biyu itacen girki da gawayi. A Nijar fiye da gida 8 cikin 10 da itace suke dafa abinci. Ƙidayar 1977 ta samu mutane miliyan 5 da ɗoriya a ƙasar nan, ta 2012 kuwa ta samu miliyan 17. Kowane gida da murhunsa. Da can mata busasshen reshe suke tsinta a bayan gari. Da busasshe ya ƙare, sai aka koma saran ɗanye a bar shi ya bushe. Ga kuma na sayarwa, wanda amalanke da mota ke kwasa zuwa birane. Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram zuwa Gure ya ga ɗaurin itace a bakin hanya.

Na uku sassabe. Ƙasa ta gaji, iyali sun yawaita, sai a faɗaɗa gona. A sare komai, a ƙone kututture, gona ta hau tudun da da can makiyaya ce, wani lokaci ta ci burtali. Bayan ƴan shekaru iska ta kwashe ƙasar sama, a bar wurin a ƙara gaba.

Na huɗu shinge da rijiya da gini. Shingen ƙaya na lambu ko na gona yana cin rassan itatuwa da yawa, kuma gara na cinye shi, sai an sabunta. Rijiyar gargajiya a cikin rairayi sai an ɗaure ta da itace, in ta rufta a haƙa wata a sake sarar wani itacen. Ginshiƙin ɗaki da na rumfa da na rumbu duk daga daji suke.

Na biyar abin da ke faruwa da goruba. Ana sare ta don gini. Ana yankar kaba don tabarma da igiya da faifai, kuma in ana yawan yanke ƙoƙon tsakiya, kabar ba za ta taɓa tashi ta zama goruba ba. Dafa mangul, wanda ƙasar Manga ta shahara da shi tun kaka da kakanni, shi ma yana cin makamashi mai yawa daga gorubar. Gorubar nan kuwa ita ce katangar kwari.

Na shida gobarar daji. Bayan kaka, in ciyawa ta bushe, guntun taba ko wutar shayi da ba a kashe ba ta isa ta cinye abincin garke ɗari. Manyan itatuwa sukan tsira, ƙananan da suka tsiro a daminar nan kuwa sun tafi.

Na bakwai mu ne. Ba zan ɓoye ba don ina magana da ku. In bazara ta tsananta, makiyayi yakan hau icce da barandami ya kwantar da shi gaba ɗaya, ko ya sari reshe rabi ya karya shi ya bar shi a rataye. Awaki kuma, in sun yi yawa a wuri ɗaya shekara da shekaru, ba sa barin ɗan tsiro ya wuce tsawon gwiwa. Ku duba kewayen manyan rijiyoyi: tsofaffin itatuwa ne kawai, babu matasa. Garken da ba shi da maruƙa kun san makomarsa. Dajin da ba shi da ƙananan itatuwa ma haka.

Na faɗi dalilai bakwai don kada a ɗora wa makiyayi laifi shi kaɗai, kamar yadda aka saba a wasu tarurruka. Manomi da mai lambu da ɗan kasuwa da matar birni duk suna da hannu. Sai dai makiyayi ne yake fara biyan bashin, don dukiyarsa a daji take kwana.

Abin da ke samun ƙasa

Icce yana karya ƙarfin iska a kusa da ƙasa. In babu shi, iskar hunturu da ke fitowa daga gabas maso arewa tana share ƙasa kamar tsintsiya. Abin da take fara ɗauka shi ne ƙasa mai laushi da taki da irin ciyawa. Sai wurin ya yi fari fat, a tsakiya ta haƙa rami, rairayin da ta kwasa ta tara shi gaba. Daga nan tudu ya fara tafiya. Yana binne gona, yana binne rijiya, yana gangarawa cikin kwari ya rufe lambu da dabino da wurin kanwa. Kwarin da ya mutu, mashaya ce ta mutu, wurin lasa ne ya mutu.

Ƙarƙashin icce ne ciyawa ta fi kyau, kowa ya lura da wannan. Ganye yana zuba ya ruɓe, dabbobi suna hutawa su bar kashi, inuwa tana rage zafin ƙasa, ciyawar wurin takan daɗe tana ɗanya. Itatuwa irin su gawo da kandili da ɗakwara suna ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwoyinsu. In suka tafi, ciyawa mai daɗi irin su gadagi takan ragu, sai tumfafiya da fataka da garmani su mamaye wurin. Ganin fili ya yi kore da waɗannan ba alamar lafiya ba ce.

Abin da ke samun dabba

Nan ne zuciyar darasin. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Rama duk da ciki a cike. A cikin tumbin saniya da tunkiya da akuya da raƙumi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne ke narkar da ciyawa. Don su yi aiki sosai, sai abincin ya ƙunshi sinadarin gina jiki, wato furotin, wajen kashi 7 cikin 100. Busasshiyar ciyawar rani takan faɗi ƙasa da kashi 4. Ganyen gawo da aduwa da jiga da magarya kuwa yakan wuce kashi 12, ƴaƴan gawo da na kandili ma suna da shi fiye da ciyawa nesa. Shi ya sa dabbar da ta samu ɗan ganye ko ƴaƴan icce kaɗan a rana take iya cin moriyar busasshiyar ciyawar da ta ci. Wadda ba ta samu ba, cikinta a cike amma tana ramewa. Ganyen icce kamar miya yake ga tuwo.

Gawo yana da wata baiwa ta daban. Da damina yake zubar da ganye, da rani yake fitar da shi, ƴaƴansa kuma suna nuna daidai lokacin da komai ya bushe. Har a kasuwa ana sayar da su da buhu. Wanda ya sare gawo ya fasa rumbun da ke cika kansa da kansa kowace shekara.

Dundumi, ɓari, da raunanan ƴaƴa. Bitamin A daga koren ganye dabba ke samun sa. Tana ajiye shi a hanta lokacin damina, ajiyar takan kai ƴan watanni sannan ta ƙare. A daji mai itatuwa, ɗanyen ganye yana cike gurbin har ruwa ya sauka. A fili tsirara kuwa, sai ka ga saniya tana tuntuɓe da magariba, idonta yana hawaye, masu ciki suna ɓari ko su haifi ɗan da ba ya iya tsayuwa, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, bijimi ya yi sanyi. Allurar bitamin tana taimakawa, amma da kuɗi ake sayenta. Icce kyauta yake bayarwa.

Rairayi a ciki. Shi ne ya kashe saniyar da na ba ku labari. In ciyawa ta ƙare, dabba tana tsintar guntaye da ƙwayar ƙarangiya a ƙasa, tana haɗiye rairayi tare da su kullum. Yana taruwa har ya toshe ciki. Alamunsa: rashin ci, daina tuƙa, ciki mai nauyi, kashi kaɗan ko zawo mai ɗauke da yashi. In ka murza kashin a cikin ruwa a kwano za ka ji shi a yatsa. Maganin tsutsa ba ya fitar da shi. In ka ga haka, a ba dabba ruwa isasshe, a zuba mata dusa da harawa a cikin kwami, kada a ƙasa, a kira ma'aikacin lafiyar dabbobi da wuri. Kada a ɗura mata mai da ƙarfi, don yana iya bin hanyar huhu ya kashe ta.

Cin abin da ba abinci ba. Dabba mai yunwa da ƙarancin sinadarai tana cin leda da tsumma, tana tauna ƙashi da busasshen mushe. Leda tana dunƙulewa a tumbi. Mushe kuma yana iya ɗauke da wata guba mai shanye jiki: dabba ta kwanta, ƙafafu su mutu, harshe ya zazzago, ba ta iya haɗiya. In ta kai nan, da wuya ta tashi. Ku sani kanwa kaɗai ba ta maganin wannan kwaɗayin ƙashi, don ba ta da sinadarin da ake nema. A nemi dutsen lasa, a ƙone mushe ko a binne shi da zurfi. Haka kuma yunwa ce ke sa dabba ta ci fataka da sauran tsire-tsire masu guba da take ƙyalewa in tana da zaɓi.

Zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Dabbar da ba ta da inuwa tana haki, tana rage ci, nono yana raguwa, tana buƙatar ƙarin ruwa daga rijiyar da ta riga ta ja baya. Maruƙa da ƴan tumaki su ne suka fi jigata.

Ƙura da cunkoso. Fili tsirara yana tada ƙura, ƙura tana ɓata ido tana raunana huhu. Sannan in makiyaya da mashaya sun ragu, garkuna daga ko'ina sukan haɗu a ɗan wurin da ya rage. Nan ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR suke samun hanyar yaɗuwa, kuma jikin da yunwa ta raunana ba ya iya tsayawa. Gwamnati tana yin rigakafin waɗannan cututtuka kyauta kowace shekara, kada kowa ya bari ya wuce shi. Amma allurar rigakafi ta fi kama jikin dabbar da ta ƙoshi.

A ƙarshen duk wannan akwai aljihu. Dabbar da ta rame, a kasuwa ba ta da daraja, a daidai lokacin da dusa da hatsi suka fi tsada. Waɗanda suka ga bazarar 2005 da ta 2010 sun san yadda aka riƙa rabuwa da shanu a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba.

Yadda ake cin icce ba a kashe shi ba

Ba zan ce wa makiyayi kada ya taɓa icce ba alhali dabbarsa tana mutuwa. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa kiwo ba. Amma akwai bambanci tsakanin tatsar saniya da yanka ta. Ga ƙa'idodin da nake koyarwa:

1. Kada a taɓa kan icce, wato reshen tsakiya mai hawa sama. Rassan gefe da na ƙasa ake ɗauka.

2. Kada a ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassan icce a lokaci guda.

3. A sara da kaifi, sara mai tsabta. A fara ɗan sara daga ƙasan reshe sannan a gama daga sama, don kada ɓawo ya tsage ya bi jikin iccen. Reshen da aka karya aka bari a rataye ƙofa ce ga gara da ruɓa.

4. Iccen da aka sara bana a bar shi ya huta aƙalla shekara biyu. Gawon da ake aske wa rassa kowace shekara yana daina ba da ƴaƴa.

5. In ƴaƴa ake so, a jira su nuna, a karkaɗe da gora mai ƙugiya. Kada a buge fure ko ɗanyun ƴaƴa. A tara a shanya a ajiye don watan Mayu da Yuni.

6. Iccen da bai kai kaurin cinya ba, da wanda ke kan tudu mai motsi, da gorubar bakin kwari, a bar su kwata-kwata.

7. Kada a bare ɓawo a kewaye jikin icce don magani ko igiya. A ɗauka ta gefe ɗaya kawai.

Ku tuna kuma akwai doka. Dokar gandun daji ta 2004 ta tsara yadda ake amfani da itatuwa, kuma gawo yana cikin waɗanda aka kare, ba a sare shi sai da izini. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Ya fi kyau ƙungiya ta gayyaci jami'in gandun daji ya zauna da ita tun kafin bazara, a fahimci juna, da a haɗu da shi a daji ana maganar tara.

Abin da aka gwada kuma ya yi

Kada kowa ya ɗauka cewa abin ya fi ƙarfinmu. A nan ƙasarmu aka yi abin da duniya ke zuwa kallo. A farkon shekarun 1980, a jihar Maraɗi, wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturen da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwoyinsu suna raye, kowace shekara suna toho ana sarewa. Sai aka fara zaɓar toho biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a cire sauran. Wannan shi ne sassaben zamani. Manoma suka ɗauka daga gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya je Magariya ko Matamaye ya ga gonaki cike da matasan gawo. Ba a kai musu ruwa da jarka ba, ba a kewaye su da waya ba. Bari aka yi.

A ɓangarenmu kuma an san aikin ɗaure tudu. Furojen PLECO ya yi shi a gundumomin Gure da Maine-Sorowa don kare kwarurruka. Ana kafa shinge da rassan kalimbo ko ƙaran goruba a gicciye da hanyar iska, a raba tudun gida-gida, a dasa itatuwa, a watsa irin ciyawa, a hana dabbobi shiga na ƴan shekaru. Inda jama'a suka tsare wurin, tudu ya zauna, ciyawa ta dawo. Inda aka saki awaki tun shekarar farko, wahalar ta tafi a banza. Makiyayi ne ke da ikon raya irin wannan aiki ko kashe shi. In za a yanki kalimbo don shinge, a yanka daga sama a bar gindin, kada a tone wani tudu don a rufe wani.

Gargaɗi ɗaya game da furozofis, iccen nan mai ƙaya da aka kawo daga waje don ɗaure tudu. Yana riƙe rairayi sosai, dabbobi kuma suna son ƴaƴansa don zaƙi. Amma in suka zama su ne mafi yawan abincin saniya ko akuya na tsawon watanni, suna lalata haƙori, muƙamuƙi ya karkace, dabba ta kasa tauna ta rame. A haɗa su da wani abinci, kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar. Kada kuma a bar shi ya gangara cikin kwari, don yana mamaye wuri. Inda zai yiwu, a dasa namu na gida: kandili, aduwa, ɗakwara, magarya, gawo.

Tun 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. A 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wadda ta ratsa jiharmu. Duk waɗannan suna da amfani, amma iccen da aka dasa a watan Agusta, a watan Afrilu ake sanin ko zai rayu, lokacin da babu kowa a dajin sai makiyayi da garkensa.

Kuma dabba ba maƙiyiyar icce ba ce. Ƙwayar gawo da ta kandili tana da tauri. In ta bi ta cikin dabba ta fito da kashi, ta fi saurin tsirowa, ga taki a tare da ita. Garken da ya ci ƴaƴan icce ya yi tafiya, shuka yake yi. Abin da ake buƙata kawai shi ne a ba wurin hutu har tsiron ya fi ƙarfin bakin akuya.

Aikin da ke gaban ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwan da nake so kowace ƙungiya ta tattauna a zamanta na gaba:

Ku zagaya makiyayarku da dattijo ɗaya da matashi ɗaya. Dattijo ya lissafa itatuwan da ya sani a wurin yana yaro, matashi ya lissafa waɗanda yake gani yau. Ku rubuta waɗanda suka ɓace.

Ku zaɓi yanki ɗaya ku hutar da shi shekara biyu ko uku, da yardar hakimi da arɗo da manoman kusa, a rubuta yarjejeniyar a gaban kwamitin ƙasa, wato kofo, don baƙin makiyaya ma su san da ita. A yi musu bayani da mutunci, a nuna musu inda za su bi.

Ku shiga aikin share layin tare gobara da zarar ciyawa ta fara bushewa.

Ku tanadi harawa da kara da ƴaƴan icce tun kaka, ku sayi dusa ta bankin abincin dabbobi tun tana da araha. Wanda yake da tanadi ba ya hawa icce da barandami cikin firgici.

Ku rage tsofaffi da marasa haihuwa tun suna da ƙiba, a watan Nuwamba ko Disamba. Garke ƙarami mai ƙoshi ya fi babba mai cin rairayi.

Iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin nisan da itace ya yi. Murhun laka ko na ƙarfe mai tattalin itace yana rage abin da ake ƙonawa kullum. Ku kawo maganar a gaban ƙungiya, a koyi ginawa tare.

A zama na gaba zan so kowane memba ya zo da amsar tambaya guda: a bazarar da ta wuce, dabbobi nawa ka rasa, kuma a cikinsu nawa ne aka farke aka ga abin da ke ciki? Daga yanzu, duk dabbar da aka yanka saboda rama, a duba tumbinta, a faɗa wa ma'aikacin lafiyar dabbobi na kusa abin da aka gani. Wadda kuwa ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a farke ta ko kaɗan, don tana iya zama ciwon saifa mai kama mutum. A kira mu.

Malamanmu sun karantar da mu cewa iccen da mutum ya dasa, duk abin da ya ci daga gare shi, mutum ko dabba ko tsuntsu, sadaka ce gare shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wanda zai yi bayani kan yadda ake haɗa dutsen lasa a gida.